Lahadi a bakin tekun Lome: hutun ƴan kasuwa da halin ruwan gishiri

Duk wanda ya taɓa zuwa sarin kaya Lome, babban birnin ƙasar Togo, ya san yadda ranar Lahadi take yi wa baƙo tsawo. Daga Litinin zuwa Asabar mutum yana bisa ƙafafunsa, daga babbar kasuwar Asigame zuwa kasuwar gwanjo ta Hejiranawe, daga can zuwa tashar jiragen ruwa wajen bin takardun duwan. Da Lahadi ta zo sai gari ya yi sanyi. Yawancin shaguna a rufe, ofisoshi a rufe, wanda ke fitar maka da kaya ya kashe salularsa ya shiga cikin iyalinsa. Kai kuwa ga ka zaune a masauki, kuɗin ɗaki yana tafiya, zuciya tana can Maraɗi ko Damagaram wajen rumfar da ka bari hannun yaro.

A irin wannan rana ce ƴan kasuwarmu da yawa, alhazai da hajiyoyi da samarin da ke yi masu rakiya, sukan yi karo-karo su ɗauki tabarmi su nufi bakin teku. Akwai masu ganin haka ɓata lokaci ne, suna cewa wanda ya fito nema me ya haɗa shi da yawon shan iska. Mu dai a ganinmu wuni ɗaya na hutu cikin abokan tafiya yana daga cikin ribar fatauci, amma da sharaɗi guda: a san halin ruwan da aka je kallo, domin a koma masauki yadda aka fito.

Me ya kai mu Lome?

Kamar yadda kowa ya sani, ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Shinkafa da atamfa da gwanjo da motoci da kayan gini, duk sai sun sauka a tashar wata ƙasa, sannan su yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a bayan kamyo kafin su iso kasuwanninmu. Shekaru da dama tashar Kwatano ta ƙasar Benin ita ce babbar ƙofarmu, ta hanyar Malanbil da Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe wannan iyaka, sai kaya masu yawa suka koma sauka a Lome, suna ratsowa ta Burkina Faso cikin ayarin motoci da rakiyar sojoji. Hanya ta ƙara tsawo, jira ya ƙaru, kwanakin da ɗan kasuwa yake yi a bakin teku yana dakon kayansa su ma suka ƙaru.

Sai dai Lome ba baƙon gari ba ne wurin Bahaushe. Fatakenmu sun daɗe da kafa zango a tsakiyar garin, har zuwa 1977 lokacin da hukuma ta tashe shi ta mayar da shi arewacin birni, tazarar kimanin kilomita 15. A can ne har yau yawancin baƙinmu suke sauka. Hajiyoyin da suka daɗe cikin sana'ar zannuwa kuwa sun san labarin Nana Benz, matan Togo da suka yi arziki da atamfar Holan a shekarun 1970 da 1980 har suka riƙa hawan Marsandi. Gobarar watan Janairun 2013 ta cinye babban ginin kasuwarsu, amma ciniki bai mutu ba. Kuɗinmu ɗaya da su, wato sefa. Agogo ne ya bambanta: in ƙarfe 12 ta yi a Maraɗi, a Lome ƙarfe 11 ne.

Yadda wunin yake tafiya

Lome gari ne da aka gina a bakin ruwa. Daga babbar kasuwa, tsallaka titi kawai za ka yi ka taka rairayi. Wannan titi ya bi gaɓar teku ƙarƙashin itatuwan kwakwa, ta yamma ya kai har iyakar Gana a Aflawo, ta gabas ya kai tashar jiragen ruwa. Wanda ya fara zuwa, abin da ke fara ɗaure masa kai shi ne ruwan ba shi da tsallake. Mun saba da kogin Kwara a Yamai, inda kana wannan gaɓa kana hangen mai wanki a waccan. Nan kuwa ido yana tafiya har ya gaji, ba ya cin karo da komi sai manyan jirage da suka yi layi can nesa suna jiran a ba su wurin sauke kaya. Ba a rasa mai nuna ɗaya da yatsa yana raha, wai kwantenarsa tana cikin wancan.

Waɗanda suka saba sukan fito da hantsi, kafin jama'ar gari su cika wurin bayan sun taso daga coci. A shimfiɗa tabarmi a inuwar kwakwa, mata gefe guda maza gefe guda, yadda aka saba a gida. A hura ɗan murhun gawayi a ɗora shayi. Wani ya kwance kilishin da ya taho da shi, wata ta buɗe kwanon dambun zogale tana cewa “Alhaji, bismillah”, a miƙa a karɓa. Mai kwakwa zai zo da addarsa ya sare kan ɗanya, ka sha ruwan, ya tsaga maka ka kankare naman da ɓawonta. Akwai masu soyayyar doya da suke kira koliko, akwai masu gasasshen kifi. Mai tsire kuwa, wanda can suke ce wa cincinga, sau da yawa in ka yi masa sallama da Hausa zai amsa maka. Haka ma samarin da ke yawo da agogo da tabarau da turare, da yawansu ƴan gida ne da suka zo cin rani, kuma daɗin ganinku ya fi masu cinikin.

Abin kallo mafi ƙayatarwa shi ne jan taru. Masunta sukan kai tarun cikin teku da kwale-kwale su zagayo, sannan mutane da yawa su kama igiya biyu daga tudu suna ja suna waƙa, sa'o'i ana abu ɗaya. Kafin tarun ya fito, mata masu sari sun jeru da kwanoninsu. Ƴar kasuwa ba ta buƙatar tafinta a nan. Ko ba ta jin yaren Mina, da ta ga yadda ake taya kifi, mai kaya ya yi albarka, mai saye ta juya baya kamar za ta tafi sannan a kirawo ta, ta san ƴan uwanta ne a sana'a.

Lokacin zuwa ma yana da bambanci. A bazara, sa'ad da zafi yake haura digiri 42 a Tawa da Yamai, a Lome da wuya ya wuce 33, ga kuma iskar teku da take tasowa da rana. A watan Agusta, lokacin da ake zuwa sarin kayan komawar ƴan lakwal, garin yakan yi luf-luf, ruwan sama ya ɗauke, sanyi ya sauko, kifi ya yi yawa. Wanda lokacin salla ya riske shi a wurin, alƙibla ba wuya: ka fuskanci wajen tashar jiragen ruwa, teku yana hannunka na dama. Malamai kuma sun tabbatar ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi.

Hutu ba asara ba ne

Ɗan kasuwa ba shi da Asabar ba shi da Lahadi. Wadda take buɗe rumfa ƙarfe 7 na safe ta rufe ƙarfe 7 na yamma, kwana bakwai a mako, ta yi awa 84 kenan, ban da girki da hidimar yara. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da wani bincike da ya nuna cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ƙaruwa gare shi da kashi 35 cikin ɗari, haɗarin mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17, in aka gwada shi da mai aikin awa 35 zuwa 40. Sun ƙiyasta cewa a 2016 kaɗai doguwar wahalar aiki ta yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a duniya. Ba sai mun je nesa ba, kowace kasuwa tana da rumfar da aka rufe saboda mai ita ya faɗi, hawan jini ya kwantar da shi. Jiki magayi ne. Bayan kwana da wuni a kujerar mota har ƙafafu su kumbura, da mako guda na sintiri cikin kasuwa, tafiya ba takalmi bisa jiƙaƙƙen rairayi da barcin awa ɗaya a inuwa ba almubazzaranci ba ne.

Akwai kuma wata ribar da ba a rubuta ta a littafin ciniki. Kasuwancinmu bisa amana yake tafiya. Mutum biyar sukan haɗa kuɗi su cika kwantena ɗaya, wata takan ba wata jikkuna ɗari biyar ta saro mata kaya ba takarda ba shaida. A cikin kasuwa kowa yana sauri, magana takan fito da zafi, ƙaramin saɓani kan kuɗin dako ko na duwan ya zama gaba. A kan tabarma ɗaya, bayan an ci an sha, nan ne babba yake samun sararin cewa “ƙanena, zo mu yi magana”, a warware abin da ya ɗaure. Nan ne sabuwar shiga take jin wane dillali ne mai gaskiya, wane ne a yi hankali da shi, wane zane ne ya daina tafiya a Damagaram. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, to wani lokaci a zaune take.

Teku ba tabkin Madarunfa ba ne

Yanzu ga inda maganar take da nauyi. Yawancinmu a tabki ko a gulbi muka san ruwa, irin su Madarunfa da Tabalak da Gidimuni. Saurayin da ya saba ninƙaya a can yakan ɗauka duk ruwa ruwa ne. Ba haka abin yake ba. Gaɓar Togo da Benin tana daga cikin masu haɗari, kuma tarihi ya nuna haka. A da, kafin a yi tasha, manyan jirage can nesa suke tsayawa, a riƙa ɗebo kaya da ƙananan kwale-kwale, igiyar ruwa tana kifar da su da mutane da dukiya. Shi ya sa Jamusawa suka gina wata doguwar gada mai shiga cikin teku a 1904. Ruwa ya karya ta a 1911. Faransawa suka gina tasu a 1928, aka yi ta amfani da ita har aka buɗe tashar yanzu a 1968. Ƙarafan da kuke gani tsaye cikin ruwa daura da tsakiyar gari, ragowar wannan zamani ne.

Haɗari na farko a bakin gaɓa yake. Rairayin yana da gangara, igiyar ruwa tana zuwa ta faɗo da ƙarfi, sannan in za ta koma sai ta zare rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Mutum yana tsaye ruwa iya ƙwaurinsa, kafin ya ankara ya zauna, ta biyu ta zo ta rufe shi. Igiyoyin kuma ba girmansu ɗaya ba, bayan ƙanana da yawa sai babba ta taso. Zane da babban hijabi da babbar riga in sun jiƙe nauyi suke yi, su nannaɗe ƙafa. Masu ba teku baya don a ɗauke su hoto da salula, su ne ruwa ya fi shammata.

Haɗari na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Ruwan da igiyoyi suke turowa gaɓa dole ya koma, sai ya tattaru ya buɗe wa kansa hanya, kamar wata ƙorama a cikin teku mai gudu daga gaɓa zuwa ciki. Gudunta yana iya kai mita 2 a daƙiƙa ɗaya, wanda ko gwanin ninƙaya na duniya ba ya iya tsere masa. Abin takaici, wurin da take bi shi ne yake kama da wuri mai lafiya: igiya ba ta fashewa a nan, ruwan ya fi duhu, ya kwanta lumui. In ka lura da kyau za ka ga kumfa da tarkace suna tafiya ciki maimakon su fito. Baƙo yakan zaɓi daidai nan ya shiga. Daga watan Yuni zuwa Satumba kuma teku ya fi hauka, saboda manyan igiyoyin da iskar kudancin tekun Atlantika take korowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa, kuma in aka duba yawan jama'a, nahiyar Afirka ce abin ya fi shafa. A wannan shekara ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yulin kowace shekara don faɗakarwa a kan haka. Ku tuna abin da yake biyo baya in tsautsayi ya faɗa wa baƙo: abokan tafiya su bar kayansu su shiga neman gawa, wani lokaci sai bayan kwanaki ruwa ya fito da ita can gabas, sannan a rasa wanda zai iya buga waya gida ya faɗa wa uwa.

Abin da ya kamata a kiyaye

Wanda bai iya ruwa ba, kada ya bari ya wuce masa idon sawu, kuma ya fuskanci teku ko da yaushe. Wanda ya iya ma, ya tambayi masunta kafin ya shiga, in sun ce a'a to a'a ce. Yaro kuwa a riƙe hannunsa, kada a ce ai ga mu nan muna kallonsa, kuma a sa mutum ɗaya cikin ayari wanda aikinsa ke nan. A lura da inda aka shimfiɗa tabarma, domin teku yana cika yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, busasshen wuri da hantsi yana iya zama cikin ruwa da la'asar.

In ƙoramar nan ta ja mutum, kada ya yi kokawa da ita yana neman komawa ta inda ya shigo, gajiya ce take kashewa. Ba ƙasa take dannawa ba, ciki take kaiwa, kuma ba ta da faɗi sosai. Ya kwanta rigingine ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu yana kira, in yana da ƙarfi ya yi iyo ta gefe, wato ya bi tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinta sannan ya nufo tudu. Na tudu kuma kada su faɗa ruwa don ceto, sau da yawa haka ne gawa ɗaya take zama biyu. Iya ruwa fid da kai. A jefa masa jarka wofi mai murfi ko igiya, a yi kururuwar kiran masunta, a buga wa ƴan kwana-kwana a lamba 118. Wanda aka fitar, ko ya ce ya warke, a kai shi likita.

Sai maganar dukiya. Kada a je bakin teku da jari a haɓar zane ko a aljihun ƴar ciki. A bar kuɗi da fasfo da takardun kaya wurin mai masauki amintacce, a ɗauki na kashewa kawai. Rana a Lome tana faɗuwa wajen ƙarfe 6, rani da damina, kuma duhu yana saurin rufewa. Da an yi la'asar a fara naɗe tabarmi, domin bayan magariba wurin ba na baƙo ba ne, masu ƙwace sun fi ku sanin hanyoyinsa. A kuma zaɓi wurin zama nesa da inda magudanan gari suke zubowa.

Akwai wata al'ada da ya kamata a taɓo. Wasu sukan ciko jarka da ruwan teku su kawo gida a matsayin magani, har a riƙa sha. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, alhali abin da likitoci suka yarda babba ya ci a wuni bai kai giram 5 ba. Kofi ɗaya kenan ya wuce na wuni guda. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda da ya sha, ya ƙara wa kansa cuta, ban da ƙazantar da ruwan bakin gari yake kwasowa. In tsaraba ake so, a tsinto wa yara ƴan kwansayen da ruwa yake fitarwa, za su fi murna.

Rairayin ma ba tabbas gare shi ba

Faɗin rairayin da kuke zama a kai a tsakiyar Lome yana da dalili. Ruwan wannan gaɓa yana tafiya da rairayi daga yamma zuwa gabas. Da aka gina katangar tashar jiragen ruwa sai ta tare shi, ya taru ta wajen gari. Garuruwan da ke gabas da tashar, irin su Bagida da Agbodirafo da Aneho, su ne suka biya kuɗin: teku ya ci gidaje da gonakin kwakwa, har da tsohuwar hanyar mota. Mai tafiya Kwatano ta bakin ruwa zai ga duwatsun da aka jibge don tare shi. Tashar da take sauke mana shinkafa da atamfa, ita ce ta yi wa wasu faɗin wurin hutu, ta raba wasu da gidajen kakanninsu. Ya kamata baƙo ya san haka, ya girmama wurin da mutanensa, kada ya tashi ya bar leda da ɓawon kwakwa a inda ya zauna.

Ranar Litinin da sassafe kowa zai koma bin kayansa, mai zuwa duwan ya tafi, mai ɗaurin dila ya kama igiya. Wanda ya huta jiya ya fi kaifin lissafi yau, ya kuma fi haƙuri da abokin ciniki. Saboda haka, ƴan uwa ƴan kasuwa, in Lahadi ta riske ku a Lome ko Kwatano, ku fita ku sha iska tare, ku ci ku yi raha, ku kalli ikon Allah. Amma ku ƙirga kanku lokacin fita, ku sake ƙirgawa lokacin komawa. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya sa albarka cikin nema.